Inda Baba Yake Nunawa

Daga Allah muka zo, wurinsa za mu koma. Surukina, mahaifin matata, ya rasu ranar wata Laraba da hantsi a gidansa na unguwar Sauka Kahuta a Minna, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Baba nake ce masa, haka zan kira shi a nan.

Ranar zaman makoki layin gidan bai ɗauki motocin da suka zo ba. Babu ta manya a cikinsu, duk motocin kaya ne: masu kai burodi, masu rarraba ruwan leda, masu ɗauko doya daga Kuta. Direbobin suka cika tabarmi. Wani dattijo a cikinsu ya shafa addu'a, ya ce, "Shi ke nan, mun koma hannun masu cire wannan su jefar da wancan." Wani ya ce tun da ya fara kai wa Baba mota bai taɓa kwana a hanya ba. Wani kuma ya ce shi abin da zai rasa shi ne faɗan. Aka yi 'yar dariya, ta mutu nan take.

Aminin Baba bai zauna a tabarma ba. Bagwari ne, Kirista, mai walda da facin lagireto, rumfarsa tana jikin ta Baba a unguwar Tunga tun kafin a haifi matata. Ya samu benci a gefe ya zauna, hularsa a gwiwa. Duk wanda ya yi masa gaisuwa, amsa ɗaya yake bayarwa: "Kullum muna faɗa da shi. Yanzu da wa zan yi?"

A cikin gida Inna, surukata, ba ta yi magana ba sai da aka zo ɗauke rigar aikinsa daga ƙusa. Ta ce a bar ta. Matata kuwa tana ta dafa wa baƙi abinci, ta ƙi zama, ta ƙi a karɓe ta.

Ni aka fi yi wa wata irin gaisuwa. Mutum ya riƙe hannuna ya ce, "Kai dai ka more. Shekara uku kullum kana gefensa, ai ka kwashe ilimin." Ina cewa amin, ina sunkuyar da kai. Ban kwashe komai ba. Motar da ya haɗa mini da hannunsa, wadda da ita nake ciyar da 'yarsa da jikokinsa, ba ta kai wata biyu a bayansa ba. Ni na kashe ta. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi, kuma ba zan iya faɗin ko wane ne shi ba sai na faɗi yadda hakan ta faru.

Baba mutumin Bida ne, ya zo Minna yana saurayi. Bakanike ne, amma da shekaru suka ja sai ya bar sauran aiki ya tsaya a kan abu ɗaya: motar da take zafi. In direba ya tsaya a bakin rumfarsa ya ce, "Baba, ina kwana?" sai ya ce, "Ka duba ruwa?" Sai an amsa wannan yake amsa gaisuwa. Har limamin unguwa ya taɓa yi wa haka.

Yana da wani duro a bayan rumfa da yake tara ruwan sama da damina, ya rufe shi da kwano, ya ɗora dutse. Wannan ruwan yake zuba wa motoci. Ya ce ruwan rijiya yana barin ƙasa a cikin lagireto, ta toshe hanyoyin a hankali. Ranar da ya kama wani direba yana wanke ƙafa da ruwan duron, sai da mutumin ya yi sati bai biyo ta layin ba.

A damtsensa na dama akwai wani tabo mai sheƙi, daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Ya same shi yana yaro a wurin koyon aiki, ya buɗe murfin ruwa inji yana tafasa. Ba ya ba da labarin. In ya ga mutum ya kai hannu zai buɗe murfi da zafi, sai kawai ya naɗe hannun riga ya miƙa masa damtsen.

Ni ɗan acaɓa ne lokacin da na auri 'yarsa. Babur ba ya shan ruwa, iska ce take sanyaya shi, don haka ban san komai game da wannan fanni ba. Da na yi hatsari a kusa da kasuwa gwiwata ta samu matsala, na yi wata da watanni a kwance. Baba bai zo duba ni ba sai sau ɗaya, ya tsaya a zaure ya yi addu'a ya tafi. Na ɗauka abin bai dame shi ba. Ashe a lokacin nan ya jawo wata tsohuwar motar kaya, farar 'yar Kwatano mai gajeren bonet, wadda mai ita ya yar a bayan wani gidan burodi, kaji suna ƙwai a cikinta. Amininsa ya ce mini daga inji uku Baba ya haɗa nata. Kullum in ya sallami masu aiki sai ya koma kanta.

Bai ba ni makullin da hannunsa ba. Ya ba Inna, Inna ta ba matata, matata ta ajiye mini a kan tabarma kusa da kwanon abinci. Ta ce, "Baba ya ce a gaya wa direba ya je ya koyi mota." Daga ranar sunana ya zama Direba a bakinsa. Bai taɓa kiran sunana na yanka ba, ni ma ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Haka aka tarbiyyantar da ni, haka shi ma. Suruki ba abokin hira ba ne. In na zo gabansa nakan cire takalmi in durƙusa, idona a ƙasa, har sai ya sallame ni.

A rumfarsa motar take kwana. Kullum da safe in na iso daga gida, na tarar ya riga ni, ya buɗe bonet ya rufe, yana goge hannu da tsumma. Wani lokaci kuma sai ya bar shi a buɗe, ya ce, "Direba ya matso." In matso, in durƙusa a gefen taya. Shi yana tsaye, kansa a cikin inji, yana magana kamar da motar yake yi.

"Wannan shi ne lagireto, randar mota ke nan, a nan ruwa yake hucewa. Na irin wannan motar ba shi da murfi a kansa, ta wannan tankin roba ake ba shi ruwa. Wannan tiyon sama, shi yake kawo ruwan zafi daga inji. Wannan na ƙasa, shi yake mayar da mai sanyi. In an taɓa na sama da zafi, na ƙasa da ɗumi, lafiya lau. Wannan famfon ruwa, bel yake juya shi. Ga wani ɗan rami a ƙarƙashinsa, ran da ya fara hawaye, ya kusa. An gane?"

"Na gane, Baba."

Na ji wannan karatu ya fi sau ashirin. Zan iya maimaita shi da muryarsa, har da inda yake tsayawa ya yi tari. Amma duk inda ya ce "wannan", yatsansa yana can sama a cikin inji, ni kuma idona yana kan silifas ɗinsa. Shuɗi ne, an ɗinke maɗaurin na hagu da waya. Shi na sani. In tashi tsaye, kafaɗata ta gogi tasa, in sa kaina kusa da nasa a cikin bonet ɗaya, wannan ban iya ba. In ce masa, "Baba, wanne?" bayan ya gama bayani, sai na ga kamar na ce bai iya koyarwa ba. Kullum ina cewa gobe in ya tafi masallaci zan buɗe in duba da kaina. In ya tafi kuma, ga lodi yana jira, ga motar tana tafiya lafiya.

Faɗansu da amininsa a kan wani ɗan ƙarfe ne da bai fi murfin kwalba girma ba, tamosta, mai tare hanyar ruwa har sai inji ya yi zafi. A garejin Minna kusan kowa cire shi yake yi da zarar mota ta fara zafi. Amininsa yana cikin masu cewa a cire. Na taɓa zuwa na tarar suna ciki.

"Wannan abu na ƙasar ƙanƙara ne," in ji aminin. "Nan Minna ne. Rana kaɗai ya isa ya dafa doya. Me mota zai yi da mai gadi a bakin ruwa?"

"Kai faci ka iya," in ji Baba. "Wanda ya ƙera motar bai san da rana ba, sai kai?"

"Wanda ya ƙera bai taɓa hawa tudun Kuta da doya ɗari biyar ba."

"In ka cire shi inji ba ya kai zafin da yake so, yana shan mai, yana cin kansa a hankali. Sannan ciwon da ya kawo zafin yana nan, ka rufe shi ne kawai."

Baba ya aika aka karɓo ruwan zafi wurin mai shayi, ya ɗora gwangwani a kan risho, ya jefa tamostan a ciki. Ya ce kowa ya zo ya ga yadda yake buɗe baki da kansa in ruwa ya kai zafinsa. Direbobi suka taru suna leƙe, wani yana cewa, "Wallahi ya buɗe." Aminin ya leƙa ya ce, "To, ya buɗe a gwangwani. A kai gwangwanin Kuta mu gani." Baba ya kashe risho, bai ƙara yi masa magana ba har kwana shida. Amma duk kwanakin nan, in Inna ta aiko da abincin rana, yakan raba biyu ya ajiye rabin a kan bencin aminin ba tare da ya kalle shi ba, shi kuma ya cinye ya wanke kwanon ya ajiye a kan duro. Ni a ranar gwangwanin ina durƙushe a baya. Ban ga abin da ya buɗe ba.

Ba shi da sauƙi, kada in yi masa ƙarya don ya mutu. Yana da saurin fushi, kuma in ya yanke hukunci a kan mutum da wuya ya sauya. Akwai direbobin da ya kora don sun kai mota wani wuri an cire musu abin da ya hana. Amma na ga ranar da wata mata mai sayar da doya ta tsaya a bakin rumfa tana kuka, motar da ta ɗauko mata kaya ta tafasa a hanya, direban ya gudu ya bar ta. Baba ya rufe rumfa, ya hau bayan babur da jarka biyu da tiyo a kafaɗa, bai dawo ba sai la'asar, motar tana biye da shi.

Ciwonsa bai daɗe ba. Ya faɗi a rumfa wata safiya, aka kai shi asibiti, aka dawo da shi gida ɓarin jikinsa ɗaya ba ya motsi. Kwana uku kafin rasuwarsa ya sa aka kira ni. Na durƙusa a bakin ƙofa. Matata tana zaune kusa da kansa, ita yake kallo yana magana, harshensa ya yi nauyi.

"A gaya wa direba, famfon ruwa ya fara hawaye. Na so in canza, ban samu mai kyau ba. Kafin a samu, a duba tanki kowace safiya kafin a tayar. Kowace safiya."

Na ce, "To, Baba. Allah Ya ba da lafiya."

Ya yi shiru kamar yana jiran wani abu. Ni ma na yi shiru. Sannan ya rufe ido, matata ta yi mini alama in tafi. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Bayan addu'ar bakwai na koma aiki. Na buɗe bonet da kaina karo na farko. Komai baƙi ne, a cunkushe, tiyo a kan tiyo. A gaba, kusa da hannuna, ga wani farin tankin roba mai dogon wuya, rubutun murfinsa ya goge. Na buɗe, na ga ruwa har wuya. Na ce alhamdu lillahi. Washegari na duba, yana nan yadda yake. Haka kullum. Ban tsallake ko safiya ɗaya ba, don wasiyyarsa ce. Har na fara jin daɗi, ina cewa ashe ɗigar ba ta kai yadda Baba ya ji tsoro ba. Na ma faɗa wa matata cewa motar ba ta shan ruwa ko kaɗan.

Ranar da abin ya faru na taso daga Kuta da lodin doya, rana tsaka. Na yi nisa sai na ji wani wari kamar an ƙona sukari. Na kalli allurar zafi, ta ɗan hau sannan ta sauko, sai hankalina ya kwanta. Daga baya aka gaya mini cewa in ruwa ya ƙare gaba ɗaya allurar ba ta da abin da za ta auna. Motar ta fara rasa ƙarfi a kan wani ɗan tudu, na ƙara taka mata. Ta yi wata ƙara kamar ana buga ƙarfe a cikin tukunya, ta mutu. Da na buɗe bonet babu ko tururi sosai. Na buɗe tankina, ruwa yana nan har wuya.

Wata motar ta jawo ni zuwa Tunga. Rumfar Baba tana kulle, aminin ne ya fito. Ya zare sandar duba baƙin mai, ya kalla, ya sa hannu can baya kusa da gilashi, ya buɗe wani tanki da datti ya rufe, wanda ban taɓa lura da shi ba. Ya leƙa. Ya juyo.

"Suruki, ina kake duba ruwa?"

Na nuna masa.

Ya daɗe yana kallon wurin. Ya cire hularsa ya mayar. "Wannan na wanke gilashi ne. Injin da yake fesa ruwan ya mutu tun kafin a ba ka mota. Ruwan da yake ciki, tsohon ne ya zuba."

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Ya kama ni ta kafaɗa ya ɗaga ni da ƙarfi. "Tashi. Ni ba surukinka ba ne. Kawo hannu."

Ya riƙe wuyan hannuna kamar na makaho, ya ɗora shi a kan abu ɗaya bayan ɗaya. Tankin gaskiya, mai tiyo biyu a jikinsa, a bushe ƙayau. Lagireto a gaba, mai siraran haƙarƙari, da fanka a bayansa. Tiyon sama mai kauri. Ya tura hannuna ƙasa har na taɓa ɗayan. Ya bi da yatsana ta kan bel zuwa famfon ruwa, ya sa shi a ɗan ramin, na ji ɓawon tsatsa inda ruwan ya daɗe yana bi. Sannan wani ɗan gida na ƙarfe mai ƙusa biyu inda tiyo ya shiga inji.

"Mai gadinsa yana ciki," in ji shi. "Bai bari na taɓa ba." Ya saki hannuna ya koma rumfarsa.

Duka abin bai ɗauki minti goma ba. Abin da Baba ya yi shekara uku yana faɗa, na gan shi a minti goma, a kan injin da ya riga ya mutu.

Da aka kwance, kan injin ya tsage, gindin ma ya lanƙwashe. Makanikai biyu sun duba, kowa ya ce ba a san da me da me tsohon ya haɗa shi ba, kayan wannan ba ya shiga wancan. Motar tana nan a bayan rumfarsa kusa da duron. Na koma kan babur da gwiwar da ba ta son sanyi. Inna ba ta sani ba. In na je gaishe ta takan ce, "Yaya motar Babanku?" in ce, "Tana nan, Inna."

Matata kuwa sai da na yi kwana huɗu kafin na iya gaya mata yadda aka yi. Da safe ne, yara sun tafi makaranta, tana tsince shinkafa a faranti. Na faɗa mata duka, har da silifas. Ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Ya sani."

"Ya san me?"

"Ya san ba ka kallo. Tun shekarar farko ya gaya wa Inna. Ya ce yaron nan yana da kunya, duk abin da nake nuna masa ƙasa yake kallo. Shi ya sa yake fita tun an idar da asuba ya duba maka ruwan da kansa, ko ba shi da aiki, ko jikinsa ba daɗi."

Na ce, "To me ya hana ya ce in ɗago?"

"Inna ta ce masa haka. Ya ce yaya zai ce wa mijin 'yarsa ya kalle shi." Ta zubar da tsakuwar da ta tara a tafin hannu. "Ran nan da ya kira ka, da ka fita, ya ce mini ba ka tambayi wane tanki ba. Na ce zan gaya maka. Sai aka shiga rasuwa, sannan kai kuma ka zo kana cewa kana dubawa kullum."

Ta ci gaba da tsintar shinkafa, hawaye yana sauka a cikin farantin, ba ta share ba. Na zauna a wurin har rana ta iso inda nake.

Allah Ka jiƙan Baba, Ka yafe masa fushinsa, Ka sanyaya masa kabarinsa kamar yadda ya yi ta fita da sassafe saboda mu. Mu da muka yi shiru a gabansa, Ka yafe mana.